Babur Na Farko: Nasiha Ga Samarin Zango

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Daura, ta ratsa Zango, ta nufi Baure, musamman ran kasuwa ko yammacin da ake rakiyar amarya, zai shaida cewa babur ya gaji matsayin da doki yake da shi a zukatan samari zamanin kakanninmu. Kuma tun da wayoyin hannu suka shiga nuna musu baburan tsere na Japan, irin su Kawasaki Ninja da Honda CBR, waɗanda mahayi ke kwantawa bisa tanki in yana tuƙi, sai buri ya tashi daga mallakar abin hawa ya koma ga mallakar wanda ya fi na kowa gudu da ƙara. Buri ba aibi ba ne, amma burin da ya riga ilmi isa kan hanya shi ke cika gidaje da zaman makoki.

Mutanen ƙasar Daura ba su bukatar a koya musu wannan hikima, domin yaron da za a koya wa sukuwa ba a ɗora shi kan ingarman da ake tanadi saboda hawan Salla, sai a ba shi mai sanyin kai, har cinyarsa ta saba da sirdi, hannunsa kuma ya san linzami. To, abu na farko shi ne ƙarfin injin: Bajaj Boxer da ’yan acaɓa ke hawa injinsa cc 100 ne, ƙarfinsa kimanin na doki 8 ne a ma’aunin injiniyoyi, alhali kuwa Yamaha R1, wanda samari ke yaba hotonsa, yana da cc kusan 1,000, da ƙarfin doki wajen 200, da nauyin kilo kimanin 200. Wanda hannunsa ya saba murɗa totur na farkon, in ya yi wa na biyun irin wannan murɗa, ƙafar gaba za ta tashi sama kafin hankalinsa ya dawo jikinsa. Saboda haka ne a Ingila ɗan shekara 17 ba ya wuce cc 125, kuma ba a sakar masa babban babur sai ya bi mataki-mataki, ko ya kai shekara 24. Wanda bai taɓa hawa ba ya fara da cc 125 zuwa 150; wanda ya daɗe a kan Boxer ko Jincheng ya tsaya a 250 ko 300, kuma lalle ya tabbata in ya zauna tafin ƙafarsa biyu suna taka ƙasa.

Abu na biyu shi ne la’akari da ƙasar da za a yi hawan. Babur ɗin tsere an ƙera shi domin kwalta mai santsi: cikinsa kusa da ƙasa, tayoyinsa ba zane mai zurfi, jikinsa kuma lulluɓe da roba mai tsada da ke fashewa a faɗuwa guda. Mu kuwa da an sauka daga titi sai rairayi, wanda in ka damƙe birkin gaba a cikinsa kan babur ya juye ka sha ƙasa, ga ƙurar hunturu mai toshe filta, ga awaki da amalanken shanu da ke ƙetare hanya ba sallama. Wanda mafi yawan zirga-zirgarsa tsakanin ƙauyuka ce, babur mai tsayin ƙafa da ake zama a kansa a miƙe ya fi masa maslaha.

Na uku, mai saye ya tambayi bakaniken unguwa kafin ya tambayi dillali, domin fulogi da sarƙa da kulocin Boxer ko Haojue ana samunsu a Daura nan take, amma na babban babur sai an aika Kano, wani lokaci ma Legas, ya yi makonni a jingine. Ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 shan mai ya zama abin lissafi a kowane gida. In na hannu za a saya, a je da sassafe a tayar da injin yana sanyi, a duba ko yana fitar da shuɗin hayaƙi, a shafa ƙafafun gaba ko mai yana tsattsafowa, a dubi haƙoran da sarƙa ke bi ko sun lanƙwashe sun yi tsini, sa’an nan a gwada lambar jikinsa da ta takarda. A gari irin namu na bakin iyakar Nijar, babur marar takardar kwastan jayayya ce aka saya da kuɗi. Mai sayarwa kuma ya tuna shari’a ta haramta ɓoye aibin haja.

Daga ƙarshe, kada a ƙarar da kuɗi duka a kan babur, a ware na lasin da lamba da takalmi rufaffe da hular kwano ta ƙwarai. Sa’ad da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa hular a farkon 2009, an ga masu kifa ƙwarya a ka domin su wuce jami’ai, alhali ba jami’i ne kan zai gamu da shi ba, kwalta ce. A sani kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata kafin ya tsayar da babur takan ninka huɗu.

Ina roƙon iyaye da yayye, waɗanda galibi su ke cika kuɗin, kada kunya ko son faranta rai ya sa su sayi abin da yaro bai kai gare shi ba. Rai amana ce, nasa da na wanda zai goya da na yaran da ke wasa a bakin hanya, kuma za a tambayi kowa a kanta. Yaro ya fara da ƙarami, ya shekara yana koyon birki da kwana. Babban babur yana nan a kasuwa, ba inda za shi. Allah Ya kiyaye hanya.