Tsarin Montessori: Ajin da Yaro Ke Zaɓar Aikinsa

Tsarin Montessori hanya ce ta koyar da ƙananan yara, inda yaro ke zaɓar aikin da zai yi, ya yi shi da hannunsa, malama kuma tana gefe tana sa ido. Sunan ya samo asali ne daga Maria Montessori, 'yar ƙasar Italiya da aka haifa a 1870, wadda ta kammala karatun likita a Jami'ar Rum a 1896. Ta fara aiki ne da yara masu raunin ƙwaƙwalwa, tana bin sawun wasu likitocin Faransa biyu, Itard da Seguin, waɗanda suka lura cewa irin waɗannan yara sun fi gane abu idan hannunsu ya taɓa shi.

Ranar 6 ga Janairun 1907 ta buɗe "Gidan Yara" a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum. Iyayen yaran wuni suke wurin aiki, masu gidajen haya kuma bukatarsu kawai a killace yaran kada su ɓata musu bango. Da farko a kabad ake kulle kayan koyo, malama ce ke rabawa. Wata rana ta manta ba ta kulle ba, kafin ta iso yara sun buɗe, suna ta ɗaukar abin da ransu ke so. Malamar ta ɗauki abin a matsayin laifi. Montessori kuwa ta ga cewa yaran sun isa su zaɓa, sai aka koma jera kayan a kan gajerun kantoci daidai tsayinsu.

Kayan nan su ne ƙashin bayan tsarin, kuma kowanne abu ɗaya tak yake koyarwa. Akwai wani katako mai ramuka goma, kowane rami da murfinsa. Idan yaro ya sa ƙaramin murfi a babban rami, a ƙarshe zai ga babba ya rage a hannunsa babu wurin shiga. Ba wanda zai ce masa ya yi kuskure. Katakon ya riga ya gaya masa, sai ya zazzage ya sake. Montessori ta ba da labarin wata yarinya 'yar kimanin shekara 3 da ta maimaita wannan aiki fiye da sau 40, sauran yara na waƙa a kusa da ita, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Haruffa kuwa ana yanka su ne da takarda mai kaushi, a manna a kan allo, yaro ya bi su da yatsa biyu yana furta sautinsu, tun kafin ya iya riƙe fensir. Lissafi da 'yan duwatsu ake yi, kamar na carbi: ƙwaya ɗaya, goma a jere a waya, jeri goma ya zama ɗari, ɗari goma a ɗore su zama dubu. Yaron da ya ɗauki 1 a hannun dama da 1,000 a hagu ya ji bambancinsu a nauyi. Shara, wanke hannu, zuba ruwa a kofi da ɗaura maɓalli duk darussa ne.

Ana haɗa 'yan shekara 3 zuwa 6 a aji ɗaya, haka 6 zuwa 9 da 9 zuwa 12, don ƙanana su koya daga manya. Ana ba su kusan awa uku ba tare da ƙararrawa ta katse su ba. 'Yancin ma da iyakarsa: yaro ba ya ɗaukar abin da ba a nuna masa ba, ba ya ƙwace na wani, in ya gama ya mayar inda ya ɗauko. Aikin malama a nan ya fi na mai tsayawa gaban allo wuya, domin sai ta san inda kowane yaro ya kwana, ta kuma iya danne zuciyarta kada ta yi masa abin da zai iya da kansa.

Tsarin bai rasa masu suka ba. A 1914 wani malamin Amurka, William Kilpatrick, ya ce kayan sun takura wa tunanin yaro da wasan kwaikwayonsa. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2006 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a Milwaukee, wanda ya nuna 'yan shekara 5 na ajin Montessori sun fi takwarorinsu shirin karatu da lissafi, sai dai yaran da aka gwada ba su da yawa.

Montessori ta kafa ƙungiyar horar da malamai ta AMI a 1929, ta rasu a Holan a 1952. Sunan nata ba mallakar kowa ba ne, shi ya sa ake ganinsa a allunan makarantun kuɗi barkatai, har a Kano da Kaduna. Da yawa daga cikinsu yara a jere suke kan benci suna amsa malama baki ɗaya. Ana gane makarantar Montessori ta gaske ne da kayan da hannun yaro ke kaiwa, da yara masu shekaru daban-daban a aji guda, da malamar da ta yi horon tsarin.