Idan Akori-kura Ta Fara Tari, A Binciki Ciwon Kafin A Sauke Inji

Duk wanda ya san hanyoyin kasuwannin ƙauye ya san wannan kukan. Akori-kura ta ɗauko buhunan hatsi tana tafiya lafiya lau, sai ta iso hawa, direba ya taka totur, inji ya fara kakkatsewa yana tari, mota ta riƙa fizga kamar za ta tsaya, a ƙarshe ta ƙare da rarrafe a giya ta ɗaya. Yawancin motocin da ke wannan aiki tsofaffi ne. Akwai Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, akwai kuma Toyota Hilux ta shekarun 1980 da 1990 mai amfani da kafireta. Saboda tsufansu, da zarar ƙarfi ya ragu sai a yanke hukunci cewa inji ya gaji, a sauke shi a canza ringi. Ni kuwa ina ganin wannan hukunci ne ya fi cinye kuɗin masu mota, domin tarin inji alama ce kawai, kuma sau da yawa abin da ya jawo shi ƙarami ne mai araha, wanda za a gano idan aka bi bincike daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Dalilin da ya sa na faɗi haka yana cikin yadda injin fetur yake aiki. Abubuwa uku yake bukata a kowace silinda: gaurayen iska da mai daidai gwargwado, wuta daga fulogi a daidai lokacinta, da matsi mai ƙarfi daga fistin. Gaurayen da ya fi ƙonewa tsaf shi ne kimanin kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur, wato inji ya fi shaƙar iska nesa ba kusa ba a kan yadda yake shan mai. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza a wata silinda, to ba za ta buga ba, kuma wannan rashin bugun ne kunne yake ji a matsayin tari. A inji mai silinda huɗu, mutuwar guda ɗaya ta kwashe rubu'in ƙarfi, sauran ukun kuma su ɗauki nauyin jan ta. Abin lura shi ne, matsi kaɗai ne a cikin ukun yake bukatar a buɗe cikin inji, kuma yawanci a hankali yake lalacewa, cikin watanni ko shekaru. Motar da ta yi aiki garau jiya ta tashi da tari yau, mai da wuta ya kamata a fara tuhuma.

Mataki na farko ba ya bukatar sifana, tambaya ce kawai: yaushe ne ciwon yake tashi? Motar da ke zama lafiya a sulo amma ta shaƙe a hawa ko da kaya, galibi mai ne ba ya isa kafireta yadda ake bukata, saboda matatar mai ta toshe ko famfon mai ya yi rauni. Ɗan abin da ke wucewa yana isar inji a tsaye, amma ba ya isar sa a aiki. Wadda ke kakkarwa a sulo ta lafa idan an ba ta wuta, a nemi tiyon da ya tsage yana shigar da iska ta bayan fage, ko ƙaramar kafar man sulo da datti ya toshe. Wadda ke tafiya daidai da safe ta fara gardama bayan ta ɗau zafi, ta kuma warke idan ta huce, a duba kwayil da kwandensa, ko fetur da ke tafasa a cikin bututu saboda zafin inji, abin da ya fi faruwa a watannin bazara. Wadda ke tari da damina ko bayan an wanke ta, a duba murfin distiributa da wayoyin fulogi, don laima na sa wuta ta zille. Idan kuwa inji yana ɗaga murya sosai amma gudu ba ya ƙaruwa, to injin ba shi da laifi, kuloci ne yake zamewa. Direban da ya iya bayyana wannan ga bakanike ya riga ya yi masa rabin aiki.

Daga nan sai a buɗe bonet a fara da abin da ido yake gani. Ƙurar hunturu tana cika matatar iska cikin ɗan lokaci, musamman a motar da ke bin hanyar burji, kuma toshewarta na sa mai ya yi wa iska yawa, inji ya yi nauyi, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi. Sai a cire tiyon mai a tara kaɗan a kwalba mai haske, nesa da wuta da sigari, ba tare da zuƙa da baki ba. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa a gan shi, haka ma tsatsar tsohon tanki. Ko murfin tanki yana da nasa rawar: idan kafar iskar tanki ta toshe, mota za ta yi ɗan tafiya ta shaƙe, kuma in an kwance murfin a ji ya ja iska. Bayan haka sai fulogai, waɗanda su ne shaidun abin da ke faruwa a cikin silinda. Fulogi mai launin ƙasa-ƙasa lafiya ce, mai baƙin toka busasshe mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, mai fari fat mai ya yi kaɗan kuma zafi ya yi yawa, mai jiƙe da baƙin mai kuwa shi ne ke nuni ga ringi ko robar bawul. A jera su bisa tsarin silindarsu, domin idan duka huɗun sun yi kama da juna, matsalar ta gama-gari ce kamar kafireta ko kwayil, idan kuma ɗaya ce ta fita daban, to ciwon yana wurinta. A tsofaffin motoci masu kwantak, a duba ko bakinsa ya ƙone ko tazararsa ta sauya, sannan a daidaita taimin, don wutar da ta makara tana rage ƙarfi tana kuma zafafa inji.

Za a iya cewa ai tsohon inji yakan gaji da gaske, kuma jinkirin gyara shi ƙarin ɓarna ne. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai gajiyar inji tana da ma'auni. Akwai ɗan agogon gwada matsi da ake ɗaurawa a ramin fulogi a buga sitata, kuma aikin ba ya kai awa ɗaya. Silindoji masu lafiya ba sa bambanta da juna da fiye da kimanin kashi 10 cikin 100. Idan ɗaya ta faɗi, a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake gwadawa: in matsi ya tashi, ringi ne ya ci, in bai tashi ba, bawul ne ko gasket. Silindoji biyu maƙwabta da suka faɗi tare sukan nuna gasket ya ƙone a tsakaninsu. Hayaƙi ma yana ba da shaida, shuɗi na baƙin mai da ke ƙonewa ne, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Duk wanda aka ce masa a sauke inji yana da haƙƙin ya nemi a yi wannan gwaji a gabansa tukuna.

Wasu kuma za su ce gogaggen bakanike da kunne yake gane ciwo, ba ya bukatar wannan dogon layi. Ina girmama wannan ƙwarewa, domin ita ce ta riƙe motocin nan a kan titi shekaru da dama bayan an daina ƙera su. Amma kunne yana nuna inda za a duba ne, kuma toshewar matatar mai da raunin kwayil da cushewar salansa duk suna iya yin kuka iri ɗaya a kan hawa. Inda ake asara shi ne canza kaya bisa zato: yau fulogi, gobe famfo, jibi kafireta, har a kashe abin da ya fi kuɗin gyaran gaskiya, wani lokaci ma a cire kayan asali mai kyau a sa jabu, a ƙara ciwo a kan ciwo. Ƙa'idar ita ce a canza abu ɗaya, a gwada mota da kaya a kan hawa, sannan a matsa gaba. Babban bakanike ba ya jin haushin wannan, don shi ma hakan yake yi.

Akwai kuma masu ɗora kowane laifi a kan gurɓataccen mai. Suna da hujja, domin a watan Fabrairu na 2022 hukumomin Najeriya sun tabbatar da shigowar fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, kuma motoci da yawa sun lalace. Man jarka na 'yan bumburutu ma yakan zo da ruwa ko ƙasa. Saboda haka idan tari ya fara jim kaɗan bayan an sha mai, a fara zargin man, a tsiyaye tanki, a canza matata. Amma motar da ta yi wata uku tana tari bayan ta sha mai a gidaje daban-daban, ba za a ci gaba da ɗora wa mai laifi ba. Hilux mai dizal kuwa ba ta da fulogin wuta, don haka a can matatar mai da ruwa da iskar da ta shiga bututu su ne abin dubawa na farko, sababbin motoci masu kwamfuta kuma a sa musu na'urar karanta ciwo kafin a taɓa komai.

Abin ya wuce maganar ƙarfe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowace lita tana da nauyi a aljihu, kuma injin da ke tari yana zubar da man da bai ƙone ba ta salansa, yana kuma wanke baƙin man da ke kare bangon silinda, har ƙaramin ciwon ya haifi babban da ake tsoro. Motar da ƙarfinta ya yanke a tsakiyar wucewa ko a kan tudu irin Hawan Kibo da kaya a bayanta, rayuka ne ke cikin haɗari. Akori-kura ita ce ke kai amfanin gonar manomi kasuwa, ita ce kuma ke ciyar da gidan direba da yaransa. Wanda ya ji tarinta ya lura da lokacin da yake tashi, ya duba iska da mai da wuta, ya auna matsi, sannan ya yanke shawara. Idan gwaji ya nuna inji ya gaji, a sauke shi da kwanciyar hankali. Idan kuwa matatar mai ce, an tsira da kuɗin ringi, mota kuma ta koma bakin aikinta a ranar.