INA UNGULUN KWATA SUKA TAFI?

Ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya ba shekara arba'in baya ya san yadda kwata take a garuruwanmu a dā. Kafin mahauta su gama fiɗa, ungulaye sun jeru a kan katanga da rassan tsamiya suna jiran rabonsu. Yau kuwa mutum zai kewaya mayankar babban birni tun safe har azahar bai ga ko ɗaya ba. Da yawa daga cikinmu ba su lura ba, waɗanda suka lura kuma sai su ce an huta da ƙazanta. To, a nan kuskuren yake, domin wadda muke kira ƙazama ita ce take kwashe mana ƙazanta.

Allah Ya halicci wannan tsuntsuwa da ciki mai tsananin tsami, wanda yake narkar da mushe tare da yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, har da na ciwon saifa mai kashe shanu, mai kama mutane. Idan jaki ya mutu a bayan gari, garken ungulaye kan cinye shi kafin ya ruɓe, kafin ƙudaje da karnuka su ɗebi cuta su kai cikin gidaje, kafin ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi ko rijiya. Watau duba-gari ce wadda ba ta karɓar albashi.

Wanda yake shakkar wannan magana, sai ya dubi abin da ya auku a ƙasar Indiya. Daga wajen 1990 makiyaya suka shiga yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna Diclofenac. Saniyar da ta mutu da shi a jikinta, ungulun da ta ci namanta sai ƙodarta ta lalace, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Kafin a gano dalili a 2004, wasu jinsunan ungulu sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. A 2006 gwamnatocin Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da maganin ga dabbobi, amma ɓarna ta riga ta auku. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu suka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane wajen 500,000 a ƙasar tsakanin 2000 da 2005.

Mu a Afirka ta Yamma, babban abin da ke ƙarar da ita daban ne, kuma shi ne ya sa na kawo maganar wannan shafi. Bokaye da 'yan tsibbu ne suke neman kanta da ƙafafunta da ƙwanta, suna ruɗin jahilai cewa da su ake samun kasuwa, ko muƙami, ko sanin abin da zai zo. Don biyan wannan buƙata sai mafarauta su barbaɗa maganin kashe ƙwari a kan nama, garke guda ya ci ya zube. A 2020 an kashe ungulaye fiye da 2,000 da guba a ƙasar Gini Bisau, aka tarar da yawa an yanke musu kawuna. Tun a 2015 aka sanya irin ungulunmu ta cikin gari a jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya. Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, ga shi kuma ana sare manyan itatuwan da take sheƙa a kansu don yin gawayi da katako.

Ya kai ɗan kasuwa, ya kai ma'aikaci, ku ne ake yi wa wannan tarko, domin da kuɗinku ake sayen kan ungulu. Wanda ya je wurin boka neman ciniki ko ƙarin girma ya haɗa laifi biyu. Na farko, ya jingina arzikinsa ga wanin Allah, ya gaskata mai da'awar sanin gaibu, kuma kowane ɗalibi ya san hatsarin wannan ga imani. Na biyu, ya sa an kashe rai ba don ci ba, ba don tunkuɗe cuta ba, alhali shari'a ta hana azabtar da dabba da kashe ta a banza. Mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, kuma a cikin Suratul Ma'ida hankaka ne ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda ake binne gawa. Ashe ba mu da hujjar raina tsuntsu don muninsa.

Saboda haka akwai abin da ya hau kan kowa. Sarakunan fawa su hana yara jifar ungulu, su hana baƙi ɗana mata tarko a kwata. Shugabannin kasuwa su hana baje kawunan tsuntsaye a rumfunan magani. Makiyayin da kura ko kare ya yi wa ɓarna kada ya sa guba a mushe, domin ba ya zaɓen wanda zai ci. Malaman dabbobi su guji Diclofenac, tunda akwai Meloxicam wanda aka tabbatar ba ya cutar da ungulu. Dabbar da ta mutu da magani a jikinta kuwa, a haƙa rami mai zurfi a binne ta nesa da rijiya. Mai tsamiya ko rimi ko kuka a gonarsa ya bar ta a tsaye, limamai kuma su faɗakar a huɗuba.

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Mu ne dai ba mu san aikin da take yi mana ba sai da muka fara rasa ta. Allah Ya ganar da mu, Ya tsare mu daga ɓarna a bayan ƙasa. Wassalam.