Furannin Bakin Gurara

Shirinmu na yau ya yada zango a Abaji, kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, daga nan kuma mu gangara Yaba, inda kogin Gurara ke wucewa kafin ya je ya faɗa kogin Kwara.

Dajin wannan yanki yana fure daki-daki. Da rani, bayan wuta ta ci ciyawa, rawaya ce ke fara ɓullowa daga toka, furenta a manne da ƙasa, saiwarta kuwa da ita kakanninmu ke rini. Sai gurjiya ta zubar da ganye ta yi jajawur. Bazara na ƙaratowa ɗorawa ta rataya tutunta, kaɗanya ta cika iska da ƙamshi, ƙudan zuma su yi ta kai-komo. Ruwan fari na sauka, takalmin zomo ya shimfiɗa ganyensa huɗu a ƙasa, fure ruwan ɗorawa a tsakiya. Wannan tsiro, masu sauraro, shi ne furen da ke ƙasan tambarin Najeriya, ko da yake a can ja aka zana shi. A wuraren da ruwa ya kwanta kuma, bado ne ke buɗewa.

A Namakwalan ta Afirka ta Kudu, duk watan Agusta da Satumba baƙi kan yi tururuwa don kallon furannin daji, su biya 'yan rakiya. To mu ma muna da 'yan rakiyar: masunta, maharba, makiyaya, da iyayenmu mata masu tsintar kaɗanya. Sun san sunan kowane tsiro da Hausa, ko Gwari, ko Bassa, ko Ganagana, sun san na miya, sun san na magani, sun san mai dafi. Amma tsofaffi na tafiya, gatarin masu gawayi kuma bai huta ba.

Saboda haka, malaman makaranta, ga kira. A nemi izinin mai gari, a sami dattijon da ya san hanya da lafiyarta, a fita da yara da sanyin safiya, tun kogi bai cika ba. Su kalla, su tambaya, su rubuta suna, kada su tumɓuke. A kuma sallami dattijon da abin kirki, domin ilimi ya bayar. Yaron da ya san amfanin ɗorawa zai yi tunani kafin ya sare ta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.