Malamar Faransanci a Kudancin Kaduna

A wata kwalejin horar da malamai da ke kudancin Kaduna, ajin Faransanci bai kai na Turanci cika ba, amma ya fi shi hayaniya, kuma haka malamar take so. Ɗalibanta 'yan Samaru Kataf ne da Zonkwa da Kagoro da Kafanchan. Kowannensu ya zo da harshe uku a baka: Tyap ko Jju na gida, Hausar kasuwa, da Turancin makaranta. Wannan shi ne jarinta, domin wanda ya saba sauya harshe tun yana goye ba a fara masa daga tushe.

Babban aikinta shi ne cire kunya. Sai ta mai da aji kasuwar Samaru, wannan mai sayar da citta, wancan baƙo daga Kamaru, a yi ciniki da Faransanci har a daidaita. Idan sautin hanci ya gagari yaro, takan matso kusa da shi, ta sa ya kama hancinsa ya ji yadda yake rawa, su yi ta maimaitawa har ya zauna. In babu wuta, lasifikar wayarta ce ɗakin sauraro.

Bayan aji kuma ga tarin takardun gyara, ga tsara jarrabawa, ga lallashin iyayen da ke tambayar ina wannan karatu zai kai ɗansu. Takan tuna musu cewa Nijar da Benin da Chadi da Kamaru duk suna aiki da Faransanci, shi ya sa a 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana shi harshen hukuma na biyu a ƙasar nan. Ita ce kuma ke shirya ɗalibai tafiya Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991, inda za su kwana su tashi cikin harshen.

Nauyin da ya fi damunta shi ne lokacin gwajin koyarwa. Takan hau acaba ta bi su makarantun ƙauye, ta zauna a bencin baya tana saurare. Ta san yawancinsu su kaɗai ne za su zama malaman Faransanci a inda aka tura su, babu mai gyara musu. Kuskuren da ta bari yau, yara ɗari za su gaje shi, don haka ba ta sa hannu sai ta gamsu.