Kiran Juma'ar da ya ɓace a Belbeji

Tun bayan girbin hatsi kawuna bai sake jin muryar ɗansa ba. Yaron yana Sabha, a kudancin Libiya, yana aikin gini kamar samarin Damargu da yawa. Al'adarsa ce duk Juma'a bayan la'asar ya kira gida, ya gaida tsohonsa, a miƙa wa mahaifiyarsa, a yi ta zagayawa da salula har kuɗinsa su ƙare. Sai kiran ya ɗauke ɗif. Duk wanda yake jin labaran da ke fitowa daga Libiya ya san abin da ke shiga zuciyar uwa idan Juma'a ta bi Juma'a shiru. Ana cikin wannan zullumi wani ɗan garinsu ya dawo ta hanyar Agadas, ya iso Belbeji da saƙo: yaro lafiyarsa ƙalau, amma ransa a ɓace yake, domin ya ce kowace Juma'a yana kira ba a ɗauka.

Uba ya rantse wayarsa ba ta yi ƙara ba, ɗa ya rantse ya kira, kuma dukansu ba maƙaryata ba ne.

Rezo aka fara zargi, kamar kullum. A wasu ƙauyukan Tarka sai mutum ya hau tudu kafin maganarsa ta fita, don haka zargin ba na banza ba ne. Amma Kawu a cikin gari yake, kuma dillalin dabbobinsa na Tanut yana samunsa ko da wane lokaci, haka ma ƴarsa da ke aure a Damagaram. Na tambaye shi me ya canja daga damina zuwa yanzu. Ya yi shiru, sannan ya zaro wayar daga aljihu. Ashe ƴar ƙaramar mai madannai ya ajiye ta. Wannan babba ce, mai shafawa, kuma da kuɗin da yaron ya aiko aka saye ta.

A jerin kiran da aka saba dubawa babu komai. Sai da na shiga wata manhaja da aka sa a wayar, irin masu nuna sunan mai kira, na tarar da wani jeri daban: kiran da aka toshe tun kafin wayar ta yi ƙara. Ga su nan reras, Juma'a bayan Juma'a, duk tsakanin la'asar da magariba. Kusa da wasu an rubuta kalmar zamba da Faransanci cikin jan launi.

Wanda ya sa manhajar bai ɓoye ba. Yaron da ke rumfar cajin waya ne, kuma da kyakkyawar niyya ya yi. Ya ce Kawu ya kawo masa kuka a kan masu kira su ce ya ci kyauta, ya karanto musu lambar da aka turo masa, da masu yin bip sau ɗaya daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Wannan na biyun tsohuwar dabara ce da aka fara sani a Japan a farkon shekarun 2000: kana bin kiran, sai ka faɗa layi mai tsada da ke zuƙe kuɗinka minti-minti. Sai yaron ya kunna wa dattijo toshewa, ya ce daga yau ya huta.

A nan ya kamata mai karatu ya san yadda waya ke gane ɗan damfara, domin gaskiyar magana ba ta gane shi. Ji take yi a bakin mutane. Truecaller, wadda aka kafa a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 2009, da sauran irinta, suna dogara ne da rumbun sunaye da ƙorafe-ƙorafen da masu amfani da su suka shigar. Idan mutane da yawa suka danna cewa lamba kaza ta dame su, sai ta yi ja a wayar kowa. Suna kuma lura da halin lambar: wadda ke kiran mutane barkatai, kira gajeru, ana yawan katse ta, abar zargi ce. Manhajar kira ta Google da ke kan wayoyin Android da dama tana yin irin wannan gargaɗin. Ita kuwa iPhone, tun 2019 ta zo da wani zaɓi mai tsauri, wanda idan an kunna shi lambar da ba ka ajiye ba, ba ka kuma taɓa hulɗa da ita ba, ba za ta sa wayarka ƙara ba. WhatsApp ma ya kawo makamancinsa a 2023.

To, an gano inda kiran ke maƙalewa. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo wadda ta fi ta farko ɗaure kai. Lambar Libiya da +218 take farawa. Waɗannan kuwa duk lambobin Nijar ne, alƙaluma takwas-takwas, kuma kowace Juma'a da tata, babu wadda ta maimaitu.

Mahaifiyar yaron ce ta fara furta abin da kowa ke tunani. Ta ce ko dai yaron nan ba ya Libiya? Ko ya gangaro wajen haƙar zinariya a Jado ko Cibarakaten, yana aron wayoyin mutane, yana ɓoye mana don ya san ubansa ya hana shi? Maganar ta zauna daidai, har Kawu ya fara huci. Na ce mu gwada bin lambobin, in na abokan aikinsa ne ai wani zai ɗauka. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata a ce ba ta aiki, wata ta yi ta ƙara babu mai amsawa, wata ta katse nan take. A ce mutum ɗaya wayarsa ta mutu, babu mamaki. Amma a ce duk wanda ya ara wa yaro waya ya ɓace daga doron ƙasa, hankali bai ɗauka ba.

Muka kashe toshewar, muka jira Juma'a. Bayan la'asar wayar ta yi ƙara, ga baƙuwar lambar Nijar, ga jan gargaɗi. Kawu ya dube ni.

"Ɗauka, Kawu. In ya tambayi kuɗi ko wata lamba, ka kashe."

Muryar ɗansa ce. Amma tana zuwa a makare, sai uban ya gama magana da ɗan lokaci kafin amsa ta iso, kuma yana jin tasa muryar tana dawo masa. Na karɓa na tambayi yaron daga ina yake kira. Ya ce daga Sabha mana, a shagon wani mai sayar da kira mai rahusa, inda ƴan Nijar ke layi ranar Juma'a saboda ya fi arha nesa ba kusa ba.

Wani mai gyaran waya a Damagaram ne ya warware mini sauran, ko gama bayani ban yi ba ya ce akwati ne. Kiran da ya shigo daga waje, kamfanin da ya karɓe shi yana cajin kuɗi fiye da na kiran cikin gida sosai, wani lokaci ga haraji a kai. A Nijar harajin da ake kira TATTIE an soke shi a kasafin kuɗin 2018, aka dawo da shi a na 2019. Wannan tazarar ita ce kasuwar masu akwati. Suna ɗauko kiran ta intanet, su kawo shi wani ɗaki a cikin ƙasa inda aka ajiye akwatin, wato na'ura cike da katunan layi, na'urar ta sake buga shi zuwa gare ka kamar maƙwabcinka ne ya kira. Fasa-ƙwauri ne, irin na mai kaya da ya bar titi ya bi ta daji don kada ya haɗu da duwan.

Daga nan komai ya hau layi. Jinkirin murya da amsa-kuwwa, doguwar hanyar ce. Rashin ɗauka idan an bi kira, ai babu mutum a can, na'ura ce. Canjin lamba duk mako kuma, kamfanonin waya suna farautar layin da kullum shi ke kira, ba a kiransa, ba ya kuma motsawa daga eriya ɗaya. Suna rufe shi, masu akwati su sa wani. Yaƙin ya daɗe. Rajistar layi da katin shaida, wadda ta sa aka rufe layuka fiye da miliyan ɗaya a Nijar a ƙarshen 2013, ta ƙuntata musu amma ba ta kashe sana'ar ba, kuma har yau yaƙin yana cikin abin da ke gaban hukumar sadarwa ta ARCEP. Jan launin ma ya samu bayani: layi guda yana ɗaukar kiran ɗaruruwan mutane zuwa ɗaruruwan gidaje, waɗanda suka bi kira suka ji wayam suna danna masa ƙorafi. A lissafin manhajar, babu abin da ya fi shi kama da ɗan damfara.

Ban ga laifin yaron caji ba, kuma ban ce a goge manhajar ba, domin masu cewa ka ci kyauta suna nan daram. Amma an ƙera waɗannan dabaru ne da tunanin ƙasashen da kowa ke da lambarsa guda ta dindindin. A Damargu makiyayi yana aron waya a bakin rijiya, mace tana kira da ta maƙwabciya, direban da ya kwaso awaki daga kasuwa yana kiranka da layin yaron mota, ɗan ci-rani yana kira ta duk hanyar da ta fi sauƙi. A nan baƙuwar lamba sau da yawa ita ce ke ɗauke da labarin haihuwa, ko rasuwa, ko kuɗin da aka turo.

Saboda haka, wanda ya saya wa tsohonsa babbar waya, ya bar ta ta yi gargaɗi amma kada ya bari ta toshe da kanta. A koya wa dattijo ya ɗauka ya saurara, duk wanda ya nemi lambar sirri ko ya ce a turo kuɗi kafin a karɓi kyauta, a kashe masa. Idan kuma kuna da matafiyi da ya yi shiru tun da aka canja waya, ku buɗe jerin kiran da aka toshe kafin ku fara neman labarinsa a tasha.