Canza Giya a Gangara

Direban motar da ake sa wa giya da hannu yakan taka kuloci kafin ya canza giya. Da lamba 1 ake tashi, domin ta fi ƙarfi. Lamba 4 da 5 kuwa na gudu ne a miƙaƙƙen titi.

Amma a gangara ake gane gwani, irin gangarar dutsen da ke tsakanin Ngaundare da Garwa a Kamaru. Wasu direbobi sukan sa mota a firi don tsimin mai. Wannan ganganci ne, domin aikin duka yakan koma kan birki, ya yi zafi har ya daina kamawa. Gwani tun daga sama yake komawa lamba 2, injin ya riƙe masa motar.